Tarin ƙananan faya-fayan The Beatles: da wane sauti ya kamata a ji su, mono ko sitiriyo?

Mai Garmaho:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da faifan nan mai suna 1, wanda ya fito a watan Nuwamba na shekarar 2000, inda aka tara waƙoƙi 27 na ƙungiyar makaɗan Birtaniya The Beatles waɗanda suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Birtaniya ko a Amurka. Manufar faifan a fili take, wato a tattaro wa mai sauraro waƙoƙin da jama'a suka yi rububin saye a kan ƙananan faya-fayai masu inci 7 daga 1962 zuwa 1970. To amma abin da ke cikinsa ba shi ne abin da jama'ar suka saya ba. Daga "Love Me Do" har zuwa "Hey Jude" ta 1968, waƙoƙi 21 ke nan a jere, duk da sautin mono suka fita a ƙananan faya-fayan Birtaniya da Amurka, amma guda 3 na farko kaɗai aka bari da mono a wannan tari, sauran 18 kuwa aka sa haɗinsu na sitiriyo. "Get Back" ta 1969 ta fita da mono a Birtaniya, da sitiriyo a Amurka, kuma sai a kan "The Ballad of John and Yoko" ne ƙungiyar ta fara fitar da ƙaramin faifai na sitiriyo a ƙasarta.

Matsayina shi ne, duk tarin da ya ce na ƙananan faya-fayai ne, wajibi ne ya ɗauko ainihin haɗin sautin da ke kan waɗannan faya-fayai, domin shi ne wanda makaɗan suka zauna aka yi a gabansu, shi ne gidajen rediyo suka sa, shi ne kuma ya kai waƙar matsayin da ake alfahari da shi. Ba na ƙin sitiriyo, kuma ba na cewa a hana kowa jin sa. Ina so ne in ji hujjar waɗanda suke ganin wannan musanya ba ta da wani laifi.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni ɗalibi ne a wannan fage, don haka ina roƙon a fara daga tushe. A fahimtata, mono yana nufin sauti ɗaya ne yake fita daga kowace lasifika, sitiriyo kuwa an raba shi gida biyu, dama da hagu. Idan haka ne, ai waƙar ɗaya ce, muryoyin da kayan kiɗan ma ɗaya ne, sai dai wurin da suke fitowa ya bambanta. Me zai sa a ce wanda ya ji ɗayan bai ji ainihin waƙar ba?

Injiniyan Sauti:
Ƙanena, tambayarka ita ce ƙofar maganar. Da a ce injiniya yana yin haɗi guda ɗaya ne sannan ya danna maɓalli ya mayar da shi mono ko sitiriyo, da ka yi gaskiya. Amma a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin faya-fayai EMI da ke Abbey Road a Landan ba haka ake yi ba. Ana ɗaukar waƙa a kan tef mai layuka, sannan a zauna a haɗa ta zuwa mono da hannu, ana ɗaga wannan ana sauke wancan, ana ƙara amsa-kuwwa a inda ake so, wani lokaci ma a sauya saurin tef ɗin. Bayan an gama, a wata rana dabam, sau da yawa bayan makonni ko watanni, sai a sake ɗauko tef ɗin a yi wani haɗi na sitiriyo daga farko. Aiki biyu ne, kuma tun da babu kwamfutar da za ta riƙe abin da hannu ya yi jiya, ba yadda za a yi su zo daidai.

Sannan akwai batun tef ɗin kansa. A 1962 da yawancin 1963, layi biyu kacal George Martin, furodusan ƙungiyar, yake da su. Yakan zuba kayan kiɗa a layi ɗaya, muryoyi a ɗayan, ba don a ji su a rabe ba, sai don ya sami damar daidaita ƙarfin murya a kan kiɗa a lokacin da zai haɗa mono. Da aka buƙaci sitiriyo, sai kawai aka tura layi ɗaya hagu, ɗaya dama, tsakiya ta zama fayau. Sai a kan "I Want to Hold Your Hand", a watan Oktoba na 1963, suka koma tef mai layi huɗu, kuma ko da shi ɗin, ganguna da jitar bas sukan taru a layi guda, shi ya sa za ka ji su a maƙale a gefe ɗaya.

Dalilin fifita mono kuwa na kasuwa ne. Sitiriyo ba sabon abu ba ne ga EMI, domin injiniyansu Alan Blumlein ya yi wa fasahar rajista tun 1931, kuma manyan faya-fayan sitiriyo sun shiga kasuwa sosai daga 1958. Sai dai matashin da ke sayen ƙaramin faifai a Liverpool ko Manchester, garmaho mai lasifika ɗaya ne a ɗakinsa, irin su Dansette, kuma waƙar da yake ji daga Rediyo Luxembourg ko Rediyo Caroline a kan matsakaicin zango take zuwa, wanda mono ne. Bugu da ƙari, tsohuwar allurar mono tana iya lalata faifan sitiriyo, domin ita gefe da gefe kawai take motsi, alhali zanen sitiriyo yana buƙatar allura ta riƙa yin sama da ƙasa kuma. Masu sitiriyo a lokacin manya ne masu hali, yawancinsu masu sauraron kiɗan gargajiyar Turai. Don haka duk hankali da lokaci a kan mono ake kashe su.

Maman Hanifa:
Na gode, Injiniya, amma bayaninka ya ƙara mini ƙarfin gwiwa ne a kan akasin ra'ayin Alhaji Mai Garmaho. Ka ce da bakinka dalilin na kasuwa ne da kayan sauraron zamanin. Ke nan ba wai makaɗan sun auna hanyoyi biyu suka ga mono ta fi kyau ba ne, a'a, sun yi aiki ne da abin da mutanensu suke da shi. Yau kuwa mutanen da za su sayi tarin nan ba Dansette gare su ba. Wanda ya sayi faifan 1 a shekarar 2000 yana da rediyon mota mai lasifika huɗu, ko na'urar CD mai abin saƙalawa a kunne, kuma an yi faifan ne domin ya jawo sababbin masu sauraro, ba domin masana tarihi ba. Ya kuwa yi nasara a kan haka, tun da yana cikin faya-fayan da aka fi saye a duniya a waɗannan shekaru goma.

Akwai kuma abin da kunne yake samu a sitiriyo wanda mono ba ya bayarwa. A "Eleanor Rigby" masu goge takwas ne suke kiɗa, kuma idan aka buɗe musu fili dama da hagu, kana iya bin kowane rukuni da kunnenka ka ji yadda George Martin ya tsara su. A "Penny Lane" akwai fiyano fiye da ɗaya da sarewa da ƙaramin kakakin nan da David Mason ya busa. Idan aka cusa duk wannan a ƙofa ɗaya, dole wani ya danne wani. Ni a wurina, jin yadda Paul McCartney, ɗaya daga cikin makaɗan, yake tafiyar da bas ɗinsa a sarari, ba tare da jita ta rufe shi ba, wani ilimi ne da ba zan so a hana yarana ba. Alhaji, da girmamawa, ina ganin kana kare yanayin da aka tsinci kai a ciki ne, kana ɗaukarsa a matsayin zaɓi.

Mai Garmaho:
Hajiya, na ji hujjarki, kuma tana da nauyi. Amma ko da tilas ce ta sa suka fara da mono, abin da suka yi a cikin wannan tilas ɗin zaɓi ne, kuma zaɓin nasu ne ake gogewa. Bari in ba da misalai daga cikin tarin kansa, domin kada maganar ta tsaya a sama.

A "Help!" muryar mawaƙinsu John Lennon da ke kan ƙaramin faifan 1965 ba ita ce ke kan haɗin sitiriyo ba. Ɗauka ce dabam, kuma duk wanda ya jera su zai ji bambancin yadda yake furta kalmomin. Wato wanda ya mallaki 1 bai taɓa jin rerawar da ta hau matsayi na ɗaya ba. A "Paperback Writer" ta 1966, amsa-kuwwar da ke biyo bayan muryoyi a ƙarshen kowane amshi ta fi yawa da tsawo a mono, kuma ƙarfin waƙar gaba ɗaya yana kan bas ɗin da injiniyoyi suka yi wa dabara ta musamman, inda suka juya lasifika ta zama makirufo domin ta kama kaurinsa. A tsohon haɗin sitiriyo an watsa wannan ƙarfi gefe da gefe, waƙar ta saki. A "Yellow Submarine" jita tana shigowa tare da kalmar farko a mono, kuma amsawar da Lennon yake yi a baiti na ƙarshe tana farawa da wuri fiye da yadda take a tsohon sitiriyo. Hatta "From Me to You", dalilin da ya sa mono ɗinta ya fi cika shi ne busar hamonika da ke buɗe ta, wadda babu ita a farkon haɗin sitiriyo.

Kuma ba mu kaɗai muke wannan ƙorafi ba. Lennon da kansa ya koka a wata hira ta rediyo a 1974 cewa haɗin sitiriyo na "Revolution", wadda ke bayan faifan "Hey Jude", ya kashe kaifin waƙar ya mayar da ita lallausa. Geoff Emerick, injiniyan da ya yi aikin babban faifansu Sgt. Pepper a 1967, ya bayyana cewa an shafe makonni ana haɗa mono tare da makaɗan, sitiriyo kuwa cikin 'yan kwanaki aka gama shi ba tare da su ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan mun san haɗin da masu ita suka tsaya a kansa.

Mazaunin Landan:
Ina tare da Alhaji a kan yawancin abin da ya faɗa, amma ina so in nuna cewa kalmar nan ta "ainihi" tana da wuyar kamawa ko a waƙar farko ta tarin. "Love Me Do" da ta fita a Birtaniya ranar 5 ga Oktoba 1962, Ringo Starr, mai gangar ƙungiyar, shi ne yake buga ganga a cikinta. Wadda ke kan 1 kuwa ita ce aka sake ɗauka bayan mako guda, inda aka ɗauko Andy White ya buga ganga, aka bar Ringo da ɗan abin kaɗawa mai kacau-kacau. Masu tarin suna da hujja, domin ta Andy White ce ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 1964, ta Ringo kuwa a matsayi na 17 ta tsaya a gida. Ke nan a nan sun bi ƙa'idar da Alhaji yake nema, amma a "Help!" suka sake ta. Rashin tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya shi ne abin da ya fi damuna.

Haka kuma, abin da Ba'amurke ya saya ba kullum ne yake daidai da abin da Bature ɗan Ingila ya saya ba. Kamfanin Capitol, mai fitar da faya-fayansu a can, ya ƙara wa "I Feel Fine" amsa-kuwwa mai yawa a Amurka, har ta zama kamar a cikin babban zaure aka rera ta. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashen biyu. To wanne za a ɗauka? Ni zan ɗauki na Parlophone, mai fitar da faya-fayansu a Birtaniya, domin shi ne ya fito daga hannun George Martin, amma wannan hukunci ne da mutum ya yanke, ba abin da tarihi ya yanke masa ba.

Ya kamata kuma a yi wa kamfanin adalci, domin bai ɓoye mono gaba ɗaya ba. Da aka fara fitar da faya-fayan ƙungiyar a CD a 1987, manyan faya-fayai huɗu na farko da mono suka fito. Ranar 9 ga Satumba 2009 aka fitar da akwatin The Beatles in Mono, a cikinsa har da Mono Masters, wanda ya tara waƙoƙin ƙananan faya-fayan da ba su shiga manyan faya-fayai ba. A 2014 aka sake yanka shi a kan faifan garmaho kai tsaye daga tef na asali, ba tare da an bi ta kwamfuta ba. A 2019 kuma The Singles Collection ya fito da ƙananan faya-fayai 23, kowanne da haɗin da ya dace da shi. Matsalar ita ce duk waɗannan akwatuna ne masu tsada da aka yi wa masu tarawa. Talaka da yaro ɗan makaranta 1 suke samu, kuma idan suka buɗe manhajar sauraron waƙa a waya, sitiriyo ne yake fara tarbarsu.

Maman Hanifa:
Malam, batun "I Feel Fine" da ka kawo ya taimake ni. Ina kuma so in ƙara cewa labarin nan na cewa makaɗan ba su damu da sitiriyo ba yana da iyaka a shekaru. Zuwa 1968, lokacin farin faifan nan mai ɗauke da sunan ƙungiyar, sun shiga aikin sitiriyo da kansu, kuma "Helter Skelter" ta sitiriyo ta fi ta mono tsawo da kusan minti guda, har da ihun da Ringo ya yi a ƙarshe saboda yatsunsa sun yi kanta, wanda babu shi a mono. A Amurka ma da sitiriyo kaɗai aka sayar da wannan faifai. Abbey Road na 1969 kuwa ba a yi masa haɗin mono ba sam. Ke nan da hanya ta buɗe, su da kansu suka bi ta, ba su waiwaya ba.

Sannan ƙorafin rabuwar murya da kiɗa an magance shi. A 2015 Giles Martin, ɗan George Martin, tare da Sam Okell sun koma kan tef na asali suka sake haɗa 1, suka dawo da murya tsakiya, kuma sun riƙa duba haɗin mono a matsayin jagora. Wanda ya ji "Paperback Writer" ta 2015 ba zai ce ta saki ba.

Mai Garmaho:
Gaskiya ne, Hajiya, haɗin 2015 ya fi na 2000 nesa ba kusa ba, kuma ina sauraronsa. Amma ki lura da abin da kika faɗa: mono suka riƙa dubawa domin su san inda za su dosa. Idan shi ne ma'auni, me zai hana a ba mutane ma'aunin kansa a faifai na biyu cikin kwali ɗaya? Game da 1968 kuma, ban musa ba, sai dai a wannan shekarar ce dai suka fitar da "Lady Madonna" da "Hey Jude" da mono, duk da cewa ita "Hey Jude" a kan tef mai layi takwas aka ɗauke ta a ɗakin Trident. Babban faifai dabam, ƙaramin faifai dabam, kuma a kan ƙananan muke magana.

Ɗan Damagaram:
Na fara fahimta yanzu. Abin da ya sa maganar ta shafe ni shi ne, mu a nan sau da yawa mutum biyu ne suke raba abin saƙalawa a kunne, kowa ya ɗauki ɗaya, kuma na lura a wasu tsofaffin waƙoƙin nan ɗaya yana jin murya, ɗaya yana jin kiɗa zalla. Na ga kuma akwai wani wuri a saitin waya da ake kunnawa ya mayar da kowane sauti mono. Injiniya, idan na kunna shi, na sami abin da Baba yake magana a kai ke nan?

Injiniyan Sauti:
A'a, ƙanena, ba ka samu ba, ko da yake zai raba ku da matsalar kunne ɗaya. Abin da wayar take yi shi ne ta tara dama da hagu na haɗin sitiriyo ta zuba su wuri guda. Muryar "Help!" ba za ta sauya ta koma ta ƙaramin faifai ba, hamonikar da babu ita ba za ta dawo ba. Ƙari a kan haka, tarawar tana ɓata ma'aunin da injiniya ya yi, domin duk abin da ke tsakiya yana ƙaruwa da kimanin desibel 3 a kan abin da ke gefe, kuma idan akwai sautin da ke dama da hagu amma igiyoyinsa suna saɓa wa juna, sai su cinye juna, sautin ya sirance ko ya ɓace. Saboda wannan ne har gobe duk injiniyan kirki yake gwada haɗinsa a lasifika ɗaya kafin ya sallami aiki, mu ma nan haka muke yi, tun da mun san a ƙaramar lasifikar waya ko ta shago za a fi jin waƙar.

Akwai kuma akasin wannan, wato sitiriyon jabu, wanda ya fi muni. "She Loves You" ta 1963 ba ta da tef mai layi biyu, ya ɓata tun tuni, mono kaɗai ya rage. Da aka zo haɗa tarin A Collection of Beatles Oldies a 1966, sai aka ɗauki mono ɗin aka tura kaurin sauti gefe ɗaya, sirantarsa ɗaya gefen, aka kira shi sitiriyo. Capitol suna da tasu hanyar mai suna Duophonic, inda suke jinkirta gefe ɗaya da ɗan ƙanƙanin lokaci su ƙara amsa-kuwwa. A Amurka a lokacin faifan sitiriyo ya fi na mono tsada da kimanin dala 1, don haka akwai riba a rubuta kalmar a kan kwali. A nan zan yaba wa masu 1, domin sun bar "She Loves You" da mono ɗinta ba su yi mata wannan aika-aika ba.

Misalin da na fi so shi ne "I Am the Walrus", wadda ke bayan "Hello, Goodbye" a 1967. Ana cikin haɗa mono ne aka kunna rediyo, aka kamo wasan kwaikwayon King Lear da BBC take watsawa a daidai lokacin, aka shigar da shi kai tsaye cikin haɗin. Muryoyin 'yan wasan ba su taɓa hawa tef mai layuka ba. Da aka zo yin sitiriyo, rabin farko aka haɗa na gaske, daga tsakiya zuwa ƙarshe kuwa mono ɗin aka yi wa dabara aka liƙa. Idan ka sa abin kunne za ka ji daidai inda filin yake rufewa. Wannan yana nuna maka cewa a wurinsu zaman haɗa mono wani ɓangare ne na yin waƙar kanta.

Mazaunin Landan:
Tun da an ambaci "She Loves You", dole a kawo abin da ya faru a 2023, lokacin da aka sake fitar da tarin nan biyu na 1973, ja da shuɗi. A karon farko an ji "She Loves You" da "Love Me Do" da sitiriyon da aka raba ganga da jita da murya, ta hanyar manhajar da ma'aikatan mai shirya fim Peter Jackson suka ƙera lokacin aikin fim ɗin Get Back na 2021. Ita ce kuma aka yi amfani da ita wajen sake haɗa babban faifan Revolver a 2022, da kuma wajen tsamo muryar Lennon daga tsohon kaset domin "Now and Then". Abin mamaki ma shi ne, "Love Me Do" ta Ringo ba ta da ko tef na mono, daga jikin faifan garmaho aka kwafo ta tun shekarun baya. Ina so in ji ra'ayin Injiniya a kan ingancin wannan aiki.

Injiniyan Sauti:
Malam, aikin ya ba ni mamaki, domin abin da aka koya mana shi ne, raba sautin mono kamar a ce a tsame gishiri da daddawa ne daga miyar da ta riga ta dahu. Manhajar an horar da ita ne da sautuka masu yawa har ta koyi kamannin ganga da na murya da na jita, sannan take bin haɗin tana ƙiyasta wane ɓangare na wane ne. Kalmar ƙiyasi ita ce abin lura. Inda kaifin faranti na ganga ya haɗu da kaifin murya a wuri ɗaya, dole ta yanke hukunci, kuma wani lokaci kunne yana kama ɗan kyarma a gefen sautin. A Revolver ta fi yin kyau, saboda a can tef mai layi huɗu mai tsabta aka ba ta, aikinta kawai ta raba ganga da bas da jita da suka taru a layi ɗaya. A "She Loves You" kuwa komai ne a dunƙule, ga shi tef ɗin da ya rage yana da gaɓoɓin da aka yanka aka liƙa. Na yarda aiki ne na gwaninta, amma sabon aiki ne na 2023, kuma haka ya kamata a rubuta a jikinsa, kamar yadda kuwa aka yi.

Maman Hanifa:
A kan rubutawa ba mu da saɓani. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a mayar da mono wata alama ta cewa wane ya fi wane sanin kiɗa. Yarinyar da ta fara jin "She Loves You" ta 2023 ta so ta, ba ta yi kuskure ba, kuma wataƙila da an ba ta mono tun farko da ta wuce ba ta tsaya ba. Amma na karɓi maganar "Help!", domin sauya rerawa ya wuce batun dama da hagu. Wannan ya kamata a ce an bayyana shi a takardar da ke cikin faifan.

Mai Garmaho:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ba na neman a raina kowa, kuma wanda ya shigo ta ƙofar 2023 maraba da shi. Tsorona shi ne yadda sabon haɗi yake zama shi kaɗai ne a kasuwa, tsohon kuma ya koma akwatin masu kuɗi, har a wayi gari matasa ba su san akwai shi ba. Makaɗan Amurka The Beach Boys sun nuna cewa akwai mafita mai sauƙi, domin jagoransu Brian Wilson, wanda kunnensa na dama ba ya ji sosai, da mono ya haɗa Pet Sounds a 1966, kuma bayan an yi masa sitiriyo a 1997 sai aka riƙa fitar da CD guda mai ɗauke da haɗin biyu a jere. Ga 1 ba zai yiwu a faifai ɗaya ba, tun da waƙoƙin 27 sun kusa cika minti 80 da CD yake ɗauka, amma faifai na biyu ba zai gagari kamfanin ba, a manhajar waya kuwa babu ma batun wuri.

Ɗana na Damagaram, idan kana son ka gwada da kunnenka, kada ka fara da waƙoƙi da yawa. Nemi Revolver na 2022 mai cikakken tari, domin a cikinsa an sa "Paperback Writer" da "Rain" da haɗin mono na 1966 da kuma sabon sitiriyo. Ka daidaita ƙarfin sautin su zo ɗaya, domin kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba, sannan ka saurare su a lasifika, ba a abin kunne ba. Ka sa hankalinka a kan bas da kuma ƙarshen amshi, ka dawo ka faɗa mana abin da ka ji.